Zuwaira da kwas ɗin da na hana 'yata

Da safiyar nan labarin ya same ni a bakin titi, a unguwar Azuba, ina jiran keke.

Mataimakin shugaban makarantarmu ne ya kira. Na ɗauka zai ce na makara, har na shirya amsar da zan ba shi. Sai ya ce, "Malama Dije, Malama Zuwaira ta rasu."

Na ce masa, "Wace Zuwairar?" Kamar muna da guda biyu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan sallar asuba ta ce wa mijinta kanta na sara mata. Kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. An yi mata sutura bayan azahar. Yanzu na dawo daga gidan, ko mayafi ban cire ba na zauna ina rubuta wannan, don ban san inda zan kai abin da ke ƙirjina ba. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri. Wanda ya gaji ya sauka ƙasa ya yi mata addu'a, ya wadatar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Zuwaira ita ce malamar ba da shawara a sakandaren da nake koyar da kemistiri a nan Lafia. Yara na ce mata Anti Zuwaira. Ni kuwa "baiwata" nake ce mata, ita ma haka take ce min, don ita Babarbariya ce 'yar cikin gari, ni Bafillatana ce daga wata ruga a bayan Agyaragu. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Shekara da shekaru muna yi, ba wadda ta taɓa yarda an kayar da ita.

Ta tafi muna da magana a tsakaninmu. Maganar 'yata Nafisa ce, da kwas ɗin da za ta karanta a jami'a. A kan wannan maganar na yi fiye da shekara ba na zama kusa da ita a ɗakin malamai.

Zan zo kan wannan. Bari in fara gaya muku wace ce ita.

Ranar da aka kawo ni makarantar ba ni da teburi. Na tsaya da jakata a tsakiyar ɗakin malamai kamar mai tallan turare, kowa ya sunkuyar da kai yana makin takardun yara. Ita ce ta ture littattafanta gefe guda ta ce, "Zo ki zauna nan, Fillo. Amma kar ki ɗaure min saniya a ƙafan tebur o."

Rabin teburin nan nawa ne har yau.

Lokacin da innata ta kwanta ciwo, Zuwaira ta riƙe min ajina sati biyu. Ba ta san kemistiri ba ko kaɗan, ta ce wa yaran su koya mata. Da na dawo na tarar sun fi gane darasin fiye da wanda na koyar da bakina, abin ya ba ni haushi sosai.

A durowarta ta ƙasa kullum akwai audugar mata, da allura da zare, da biskit. Yarinya za ta shigo fuska a murtuke, ta fita tana dariya, ba wanda zai ji abin da ya kawo ta.

Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne shafin nan.

Wasu shekaru da suka wuce ta je wani taron horar da malamai, ta dawo da labarin wasu shafuka na intanet da ke taimaka wa ɗalibi ya gane irin aikin da ya dace da shi. Yaro zai amsa tambayoyi masu yawa: me kake jin daɗin yi, me ke gundurar ka, ka fi son aiki da mutane ko da na'ura ko a fili. Sai shafin ya fito masa da jerin sana'o'i, da darussan da kowace ke bukata, da ɗan bidiyon mai yin aikin yana bayani.

Ni ce ta farko da ta yi mata dariya. Na ce, "Wato kwamfuta ta koma duba ke nan?" Ta ce, "Ba duba ba ne, baiwata. Tambaya ce. Yaran nan tun da aka haife su wa ya taɓa tambayansu me suke so?"



Ɗakin kwamfutarmu kun san irinsa. Waɗanda ke tashi ba su kai waɗanda suka mutu ba. Wuta ta zo ta tafi, netwok sai an je kusa da tankin ruwa. Haka za ka ga Zuwaira tsaye a rana ta ɗaga waya sama, yara sun yi layi a bayanta da tsofaffin wayoyin da ta aro daga malamai. Datarta take kunna musu. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan haka ba.

Karon farko da ta gwada da aji guda, abin dariya ya faru. Kusan duk ajin, maza da mata, shafin ya ce su zama masu haɗa magunguna. Ta zo ta same ni ido waje, ta ce ko na'urar ta lalace. Da muka bincika, ashe yaran sun ɗauka jarrabawa ce. Suka ga tambaya da zaɓi huɗu a ƙasa, to me kuma ya rage? Sai kowa ya miƙa wuya yana kwafar amsar yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin.

An tambayi yaro ko yana son kiɗa, ya leƙa ya ga abin da ta ɗaya ta zaɓa.

Na yi dariya har da hawaye. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Dije, kin ga abin da muka yi musu? Ko abin da ransu ke so, sun ɗauka akwai amsan da malami ya ɓoye a aljihu."

Daga ranar ta canza tsarinta gaba ɗaya. Kowane ɗalibi sau biyu zai cika. Na farko ta kira shi "na gida": ka amsa yadda ka san Baba da Mama za su so. Na biyu ta kira shi "na ciki": kai kaɗai a lungu, ba mai leƙa ka, ba maki, ba wanda zai gani sai ita. Sannan ta ajiye biyun gefe da gefe, ita da yaron su duba inda suka haɗu da inda suka rabu.

Wani lokaci biyun su zo ɗaya, ta ce alhamdu lillahi, tashi ka tafi. Wani lokaci kuma yaro ya ga tazarar da ke tsakaninsu ya fashe da kuka.

Kuma ba ta taɓa ɗaukar maganar shafin kamar saukakkiya ba. Turawa ne suka yi abinsu don 'ya'yansu. Akwai yaron da aka ce masa ya dace da aikin ceton masu iyo a bakin teku. A Lafia! Yaron ko rafin Amba bai taɓa shiga ba. Zuwaira ta ce masa, "Bar tekun. Abin da ya gani a jikinka shi ne ba ka ruɗewa in an shiga tashin hankali. Wane aiki ne a garin nan yake son irin wannan mutum?" Suka zauna suka lissafo, daga ma'aikatan kashe gobara har masu karɓar marasa lafiya na gaggawa.

In tambaya ta ce kana son fita yawo da kare, sai ta ce, "Ku karanta shi akuya."

Bayan haka sai mataki na ƙarshe, wanda shi ne nata na kanta. Tana da wani littafi mai baƙin bango, cike da sunayen mutanen garin nan da ayyukansu: mai injin casar shinkafa, mai auna filaye, mai haɗa sola, matar da ke gwajin jini, telan da ke ɗinka kayan makaranta, dillalin doya. Ta ce, "Kwamfuta ta faɗi nata. Yanzu je ka wuni da mai yi, ka dawo ka gaya min ko har yanzu kana so." Yara da yawa sun dawo sun ce a'a, ta ce wannan ma riba ce.

Duk wannan ina yaba mata. Ina ma tura mata yaran ajina. Har ranar da abin ya zo kan tawa.

Nafisa ita ce babbar 'yata, kuma a makarantarmu ta yi. Tun tana firamare na gama yanke mata: likita. A gida "Dokta" muke kiranta. Ba na jin kunyar faɗa, na riga na ga kaina a asibiti ana cewa ga maman likita nan.

Tana aji na ƙarshe ta cika na gida da na ciki kamar kowa. Na gida ya ce likita. Na ciki ya jero kiwon dabbobi, lafiyar dabbobi, abincin dabbobi. Dabbobi tun daga sama har ƙasa.

Zuwaira ta kira ni gefe ta nuna min, da izinin yarinyar. Ta ce, "Kin ga jini ba ya ƙarya. Fillo ta haifi Fillo."

Ita wasa take yi. Ni kuwa ji na yi kamar ta watsa min ruwan zafi.

Ku da kuka tashi a gari ba za ku gane ba. Ni na ɗauki ƙwaryar nono a ka tun ban kai shekara goma ba, daga ruga zuwa bakin titi, ƙafa ba takalmi. Na ga shekarar da ciwo ya shiga garken babana, muna kallo suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda za a tambaya. Na ga babana, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna da rana ba, ya zauna a gindin bishiya ya daina magana. Da ƙyar da faɗa da kuka na samu aka bar ni na yi makaranta. Duk abin da na yi a rayuwata, na yi ne don kada 'ya'yana su san warin garke.

Sai ga wata na'ura, da wata Babarbariya da ba ta taɓa tatsar ko akuya ba, suna cewa 'yata ta koma bayan shanu.

Na koma gida a fusace. Na zaunar da Nafisa, na buɗe shafin a wayata, na ce ta sake cikawa a gabana. Tambaya ta fito, in ce, "Wannan ai kin fi son na biyu, ko?" Ta ce, "E, Mama." Haka har muka gama. Ya fito da likita a sama, da manyan baƙaƙe.

Washegari na shiga ɗakin malamai ina taƙama, na ajiye mata wayar a gabanta. Na ce, "To ga shafin naki. Yau kuma me ya ce?"

Ta duba, ta dube ni. Ta ce, "Wa ya riƙe wayan?"

Na ce ni.

Ta ce, "To barka, Dije. Wannan sakamakonki ne. Ke ce za ki zama likita. Sai ki je ki sayi fom."

Malamai suka kwashe da dariya. Ni kuma na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina nadamarta ba. Na ce ta je ta yi wa 'ya'yan wasu duba, ta fita daga harkar gidana, ba ita ta haifa min ba. Na kwashe littattafaina daga teburinmu na koma can kusa da taga.

Ba ta rama ba. Kuma ba ta bari kowa ya zauna a rabin teburin ba.

Nafisa ta cika likitanci kamar yadda na ce. Ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, makinta bai kai ba. Ta zauna a gida shekara guda. Na sa ta a lesin, na saya mata littattafai, na hana ta zuwa ko'ina sai rugar yayana Buba ranar Asabar, shi ma don ta kai wa innata sabulu da magani ne. Bana ta sake rubutawa. Makin ya fi na bara, amma ni malama ce, na san bai kai na likitanci ba. Na sani, na ƙi faɗa.

A shekarar nan yarinyata ta zama wata iri. Ba ta yi min rashin kunya ko sau ɗaya ba. Da ma ta yi, da na samu abin faɗa. Sai dai "to, Mama", "na ji, Mama". Ta rame. Ta daina waƙa in tana wanke-wanke. Na ce wa kaina karatu ne.

Ana ba da dama a canza kwas bayan sakamako ya fito, kuma damar ta kusa rufewa. In ba a canza ba, shekara ta biyu ke nan za ta tafi a banza. Mahaifinta ya ce shi ba ruwansa, mu biyu mu daidaita. Ni kuma na kafe.

Ranar Juma'ar da ta wuce, an tashi, ina zaune ni kaɗai ina haɗa makin gwaji. Sai na ji an ajiye leda a gabana. Gyaɗa ce dafaffiya, mai zafi. Zuwaira ta jawo kujera ta zauna ba tare da na ce ta zauna ba.

Ta ce, "Baiwata, kin gama fushin ko da saura? Don ni na gaji."

Na ce ban san maganar da take yi ba.

Ta ce, "Abeg, bar wannan. Ni da ke mun tsufa. Ban zo in ce kin yi laifi ba. Abin da kika gani a ruga ni ban gani ba, kuma ranan nan bai kamata in yi miki wasa da shi a gaban mutane ba. Ki yafe min wannan."

Ita ce ke ba ni haƙuri. Ni da na zage ta.

Na ce, "Zuwaira, ba za ki gane ba."

Ta ce, "Na yarda. Shafin ma ba zai gane ba, bai san babanki ba. Shi ya sa ba na tsayawa a kansa. Kowane yaro ina tura shi ya je ya ga mai yin aikin. Ke kuma abu ɗaya nake roƙonki. Gobe Asabar, ki bi ta rugan. Kar ki ce komai, kar ki koyar da kowa komai. Ki tsaya kawai ki kalli yarinyanki. In kin dawo kin ce likita, wallahi ni zan raka ku lesin da ƙafana."

Na ce zan duba. Ta tashi, ta ɗebi gyaɗar da ta kawo min da hannunta ta zuba a jaka, ta ce ai Fulani ba su iya cin abu su kaɗai ba, tana taimaka min ne. Ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Teburin nan fa ƙura yake yi."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Asabar na bi Nafisa. Ta yi mamaki amma ba ta tambaye ni dalili ba. Muka sauka a Agyaragu muka hau mashin zuwa ruga.

Ko gaisawa da innata ba mu gama ba, sai ga Hamma Buba da kansa ya zo bakin bukka yana cewa, "Nafisa ta iso?" Wannan yayan nawa, tunda nake ban taɓa jin ya nemi shawarar mace a kan ko kaza ba. Maruƙansa biyu ne ke zawo.

Na bi su a baya na tsaya daga nesa, kamar yadda aka ce min.

Ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu. Ta fito da tef irin na tela daga jakarta, ta zagaya ƙirjin maraƙin da shi, ta duba wata takarda, ta gaya wa kawunta kimanin nauyinsa. Ta ce masa maganin da yake bayarwa da ido, wani ya yi yawa wani ya yi kaɗan, shi ya sa ba ya ji. Ta duba idon maraƙin, ta ja fatar wuyansa ta saki, ta ce ruwan jikinsa ya ƙare, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari kafin komai. Ɗayan kuma ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a kira ma'aikacin dabbobi yau ɗin nan, kada a jira.

Sannan ta juya wajen matan ta ce saniyar da aka yi wa allura shekaranjiya, kada a kai nononta kasuwa sai kwanakin maganin sun fita, yara ne ke sha.

Cikin Fulatanci take duk wannan. Ni da nake cewa Fulatancinta bai nuna ba.

Hamma Buba yana riƙe da igiya yana cewa "to, to". Da ya hango ni ya ce, "Dije, ashe abin da kuke koya musu ke nan a makarantar? Da an yi wannan lokacin babanmu..." Bai ƙarasa ba. Ni ma ban so ya ƙarasa ba.

A hanyar dawowa na tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta ce wasu a bidiyoyin shafin, sauran kuma wajen wata mata da ke aiki a gonar jami'a a Shabu. Anti Zuwaira ce ta haɗa su tun tana aji shida, suna magana a waya. Ta ce, "Anti ta ce kada in ɓoye miki in kin tambaya. Ba ki taɓa tambaya ba, Mama."

A cikin motar nan, an matse mu da buhunan doya, na juya fuska wajen taga na yi kukana.

Abin da na gani a rugar ba yarinya ce ta koma bayan shanu ba. Mutumin da babana ya rasa ne a shekarar da ciwo ya shiga garkensa, wanda za a tambaya.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta, na kai ta cibiyar da ake rajista. Ta dangwala yatsa, aka cire likitanci, aka sa kimiyyar dabbobi, ɓangaren noma da ke Shabu. Da muka fito ta rungume ni a bakin titi, mutane na kallo. Da daɗewa rabon da in ji nauyin yarinyar nan a jikina.

Saura in gaya wa Zuwaira.

Ranar Talata na gan ta a wajen taron safe, ta ɗaga min hannu, na ɗaga mata. Na ce bari sai an tashi. Da aka tashi na ce bari sai na samo yadda zan faɗa ba tare da ta samu bakin yi min dariya ba. Kun ji fa. Mace mai 'ya a bakin jami'a tana lissafin yadda za ta ci wasan Fulani da Barebari.

Jiya Laraba na hango ta wajen tankin ruwa, ta ɗaga waya sama, yaran aji uku sun kewaye ta, masu shirin zaɓar ko kimiyya ko fasaha ko kasuwanci. Na ce tana da aiki, gobe da safe zan mayar da littattafaina teburin, in ta tambaya sai in faɗa mata a hankali kamar ba komai ba.

Goben ke nan yau. Littattafan suna cikin jakata lokacin da wayar ta shigo.

A gidan rasuwar ban iya shiga ɗaki ba, na zauna a tsakar gida cikin mata. Tsofaffin ɗalibanta suna ta shigowa, wasu da kayan aiki a jikinsu. Na ga mai haɗa sola, na ga wata da rigar asibiti, na ga wani da ya zo da garin shinkafa a gashin kansa. Ni dai abu ɗaya ke cin raina: ta tafi tana zaton na ƙi jin maganarta.

Sai ƙanwarta Hajara, wadda suke zaune gida ɗaya, ta zo ta durƙusa kusa da ni ta kama hannuna. Ta ce, "Anti Dije, ke ce maman Nafisa ko? Barka da abin arziki."

Na ce wane abin arziki?

Ta ce, "Canjin kwas ɗin mana. Ai Nafisa ta kira ta ranan Litinin da yamma. Muna kicin, Yaya ta ajiye ludayi ta yi ta rawa, har miya ya kusa ƙonewa. Ta ce mana, 'Kar wanda ya nuna wa Dije na sani. Ku bar ta ta zo da kanta. Bafillatana ce, sai ta gama zagaye-zagayenta. Ina nan ina jiranta.'"

Ta sani.

Ranar Talata da ta ɗaga min hannu, ta sani. Jiya ma ta sani. Ta bar min maganar ne don in samu daɗin faɗa da bakina, ni kuma na tsaya zagaye-zagaye, kamar yadda ta ce, har lokaci ya ƙare.

To Zuwaira, ga shi ina faɗa a gaban duk wanda zai karanta. Ke ce da gaskiya. Kin ga 'yata lokacin da ni uwarta na rufe ido. Na zage ki, kika biya ni da alheri. Kin ci wasan, baiwata, na sallama.

Ya Allah, ga baiwarka Zuwaira ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata mata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta zauna da 'ya'yan mutane ta saurare su ɗaya bayan ɗaya ba ta gaji ba, ka karɓe ta da sauƙi, ka sa aljanna ce makomarta. Ka ba mijinta da 'ya'yanta da Hajara haƙurin rashinta. Yaran aji ukun da ta bari ba su gama zaɓe ba, ka haɗa su da wanda zai tambaye su kafin ya yanke musu.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san ta ko ba ku san ta ba, don Allah ku tsaya ku yi mata addu'a, ku ambaci sunanta. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya yafe min kwana ukun nan.